Ƙarfe biyun dare, makullin babbar ƙofa yana hannun wa?



Ƴan'uwa samari da ƴanmata, da iyayenmu biyu-uku da na hango can baya, sannunku da zuwa. Da aka sanar cewa maganar yau a kan gobara ce a gidajen sama, wani ya rubuto a shafinmu wai ƙungiya ta rasa abin yi: ga tsadar hatsi, ga ɗaukewar kuran, ga matasa da diplom a aljihu babu aiki, mu kuwa mun tsaya zancen ƙofa. Ban ga laifinsa ba. Amma in yana nan ina roƙonsa ya saurara, don zancen ƙofar nan zancen haya ne, zancen mai gida da ɗan haya, da zancen takardar izinin gini da ake sa wa hannu a meri. Duk abubuwan da muka saba faɗa a kansu ne suka taru a kan kwaɗo guda.

Yawancinmu a gidan ƙasa muka tashi. Zaure, tsakar gida, ɗakuna kewaye, sama a buɗe. In wuta ta kama a ɗakin girki, hayaƙi ya yi sama ya tafi abinsa, ka fito tsakar gida ka sha iska, in ƙofa ta ƙi ka haura katanga ka faɗa gidan maƙwabci. Ko mai gidan ya yi faɗa, da safe a ba shi haƙuri. Duk dabarun da muka gada na tsira daga wuta, na irin wanga gida ne. Yanzu kuma ku ɗaga kai ku duba Yamai, musamman tun shirye-shiryen taron Tarayyar Afirka na 2019; ku duba sababbin unguwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Abin da magina ke ce wa R+2, R+3, R+4 sai tsirowa yake. Ƙasa kantuna, sama ɗakunan haya. Su wa ke ciki? Mu ne. Ɗalibai huɗu a ɗaki biyu, sabbin ma'aurata, ƙananan ma'aikata da aka turo daga wani gari. Mun hau sama da ɗabi'un gidan ƙasa, alhali a hawa na uku babu katangar da za a haura. Hanya ɗaya ce, matakala, a ƙarshenta kuma ƙofa ɗaya.

Bari in kai ku Amurka, don abin da ya faru can ya shafi mutanen da suka yi kama da mu ƙwarai. Ranar Lahadi 9 ga Janairu 2022, wajen ƙarfe 11 na safe, wuta ta tashi a wani bene mai hawa 19 a unguwar Bronx ta birnin Niyok, ana ce masa Twin Parks. Gidaje 120 ne a ciki, kuma da yawa daga mazaunansa ƴan Afirka ta Yamma ne, musamman ƴan Gambiya, Musulmi, masu aikin ƙarfi suna aiko da kuɗi gida. Lokacin sanyi ne. Wata na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki ce ta kama, a wani gida da ke hawa na biyu da na uku. Iyalin gidan suka fita da gudu, kamar yadda kowa zai yi.

To ku saurari wannan da kyau: wutar kanta ba ta yi nisa ba. Gidan da ta tashi ta ci, da ɗan abin da ke bakin ƙofarsa. Amma mutum 17 suka rasu, 8 daga cikinsu yara, kuma duka hayaƙi ne ya kashe su, wasu a hawa na sama can nesa da inda wutar take. Dokar birnin ta ce ƙofar kowane gida a irin wannan bene dole ta zama mai rufe kanta, wato akwai ƙarfen da ke maido da ita in an sake ta. Ƙofar gidan da wutar ta tashi ba ta rufe ba, ta tsaya a wangale. Can a hawa na 15 kuma, wata ƙofar matakala ita ma a buɗe take. Ƙofa a buɗe ƙasa, ƙofa a buɗe sama: matakala ta zama bututu, ta zuƙo hayaƙi ta rarraba shi ko'ina. Masu kashe gobara wajen 200 suka zo, da motoci da tsani irin wanda mu sai dai a fim muke gani, kuma sun iso cikin mintoci kaɗan. Duk da haka ba su riga hayaƙin ba. Mako guda bayan haka aka yi wa gawa 15 sallah a lokaci ɗaya a wani masallacin unguwar.

Akwai wani ƙaramin abu da mazauna benen suka faɗa wa ƴan jarida wanda ya tsaya mini a rai. Sun ce ƙararrawar gobara ta yi ƙara, amma ta saba yi babu dalili, har sun daina kula ta. Kayan aiki na nan, doka na nan, abin da ya ɓace shi ne mai bibiya.

Me ya sa hayaƙi ke da wannan ƙarfi? Ku tuna abin da ke cikin ɗakin kowannenmu yanzu. Kakanninmu tabarma da gadon kara suke da su. Mu katifar soso, kujerun soso, labulen roba, kafet, bokitan roba, wayoyin caja. Duk waɗannan daga man fetur aka yi su, kuma in sun kama, cikin minti uku zuwa biyar ɗaki gaba ɗaya na iya zama wuta. Hayaƙinsu baƙi ne ƙirin, ba ka ganin tafin hannunka, kuma yana ɗauke da guba. Akwai iskar da ake ce wa monoksid na karbon, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Jini ya fi kama ta fiye da iskar numfashi sau sama da 200. Ita ce dai ke kashe mutanen da suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin ɗari, labarin da kowa ya taɓa ji. Mutum ba ya ma sanin ta kama shi. Kai ya yi nauyi, ƙafa ta mutu, tunani ya rikice, ka zauna a kan matakala da niyyar hutawa kaɗan, shi ke nan. Saboda haka mai cewa "ni da gudu zan ratsa" bai san abin da yake faɗa ba. Numfashi kaɗan ne tsakaninsa da faɗuwa.

Abin da muka saba yi in wuta ta tashi shi ne a buɗe ko'ina, ƙofa da taga, a yi ta ihu a kawo ruwa. A gidan ƙasa wannan bai cika yin illa ba. A bene kuwa, buɗewar nan abinci ce ka ba wuta, kuma ka aika wa na sama da kai ajalinsu. In wuta ta tashi a gidanka ta fi ƙarfinka, ka fitar da kowa, ka jawo ƙofar ta rufe a bayanka. Ba da makulli ba, jawowa kawai. Wannan sakan ɗaya da za ka ɓata, shi ne mintocin da matar hawa na sama za ta samu ta goya ɗanta ta sauko. In kuma wutar ba a gidanka take ba, kafin ka buɗe ka taɓa ƙofar da bayan hannu. In da zafi kada ka buɗe. In ka leƙa ka ga matakala ta cika da baƙin hayaƙi, komawa ciki ya fi: ka rufe, ka jiƙa zane ko tawul ka toshe ƙasan ƙofa, ka je taga ko baranda ka nuna kanka, ka kira 18. In dole ce ta sa ka ratsa hayaƙi, ka rarrafa, don iskar da ta rage a ƙasa take. Benen da ke da asansar kuma, kada wanda ya shige ta. Kuran na ɗaukewa ka zama nama a tukunya.

Na san abin da wasu ke cewa a zuci: mu ina muka ga ƙofa mai rufe kanta? Yawancin benayenmu ma matakalar ba ta da ƙofa ko ɗaya, a buɗe take daga ƙasa har rufi. Gaskiya ne. Shi ya sa ƙofar gidanka ita kaɗai ce shinge tsakanin wutarka da sauran jama'a, kuma tunda babu ƙarfen da zai rufe ta, hannunka ne ƙarfen.

Wannan ke nan game da ƙofar da ta ƙi rufewa. Wadda ta fi damuna a garuruwanmu ita ce wadda ke ƙin buɗewa, kuma misalin da ya fi kama da mu ba a Turai ko Amurka yake ba, a Biyetnam yake. Daren 12 ga Satumba 2023, a birnin Hanoi, wuta ta kama wani bene na ƙananan gidaje, mutum 56 suka mutu. Ku ji yadda ginin yake, ku gaya mini in bai yi muku kama da wani wuri da kuka sani ba. An ba mai shi izinin hawa 6, ya gina 9. Ginin na cikin lungu, motar kashe gobara ba ta iya shiga, sai da aka tsaya nesa aka ja tiyo. Hawan ƙasa wurin ajiye babura ne, cike maƙil, kuma daga wayar lantarkin wani babur wutar ta fara. Hanyar fita ɗaya ce, ta tsakiyar baburan nan. Tagogi da baranda da yawa an kewaye su da ƙarafuna saboda ɓarayi. Wuta ta tsaya a bakin ƙofa, hayaƙi ya hau matakala, mutane suka ruga taga suka tarar da ƙarfen da suka biya kuɗi aka sa musu.

Yanzu kowa ya tuna benen da yake kwana, ko na abokinsa. Ina ake ajiye babura da dare? Ƙarƙashin matakala, ko ba haka ba? Don nan ne ɓarawo ba ya kaiwa. Kowane babur da litocin mai a cikinsa. Wani ma ya ajiye jarkar ruwa-ruwa a gefe don kabu-kabun gobe. Mai shagon ƙasa ya jingina butalan gaz nan. Gaz ɗin girki kuwa ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa yana jiran tartsatsi. Akwatin kwantocin NIGELEC, sau da yawa shi ma a jikin bangon nan yake, da wayoyin da aka yi ta jonawa shekara da shekaru, kuma kowa ya san yadda kuran ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. In akwai gurup, shi ma nan. Mun tattara duk abin da ke iya kamawa a cikin gidan mun jibge shi a kan hanya ɗaya tak da za mu bi mu tsira. Sannan ƙarfe sha ɗayan dare a jawo babbar ƙofar ƙarfe, a sa sarƙa, a sa kwaɗo. Makulli yana wurin mai gadi, mai gadi ya tafi shan shayi bakin titi. Ko yana wurin yaron mai gida, wanda ke kwana wata unguwa. Ko kowa na da nasa, amma cikin duhu da hayaƙi da kuka, hannu na rawa, sai ka nemo shi a aljihun wandon jiya, ka lalubo ramin kwaɗo.

Makonni biyu kafin gobarar Hanoi, ranar 31 ga Agusta 2023, haka ta faru a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, a wani bene mai hawa 5 da ake kira Usindiso, mallakar hukumar birnin, wanda talakawa da baƙin haure suka cika. Mutum 76 suka mutu, kuma an tarar da gawarwaki da yawa a tare a bayan wata ƙofar ƙarfe da ke kulle. Kwamitin bincike da tsohuwar alƙaliya Sisi Khampepe ta jagoranta ya ɗora alhaki a kan hukumar birnin, don ta san halin da ginin ke ciki ta ƙyale. Abin ma tsoho ne: a 1911, a kamfanin ɗinkin tufafi na Triangle a Niyok, ma'aikata 146 suka mutu, yawancinsu ƴanmata matasa, kuma cikin dalilan akwai ƙofar da masu kamfanin suka kulle don kada a saci kaya. Shekara ɗari da goma sha biyu tsakanin wannan da waccan, dalilin kulle ƙofar bai sauya ba, tsoron ɓarawo.

Mu ma ba sai an ba mu labari ba. Ranar 13 ga Afrilu 2021, a unguwar Pays-Bas ta Yamai, azuzuwan zana sama da 20 suka ƙone, yara kimanin 20 suka rasu, yawancinsu ƙanana ƴan rainon yara. Rahotannin lokacin sun ce wutar ta tashi ne ta wajen ƙofar makarantar, babu wata mafita ta biyu, manyan yara suka haura katanga, ƙananan ba su iya ba. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, a Maraɗi, aka sake: yara aƙalla 25, ƴan shekara 5 zuwa 6. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Bayan haka gwamnati ta hana sa ƙananan yara a azuzuwan zana, kuma ya dace. Amma duk muhawarar ta tsaya a kan zana da siminti. Tambayar mafita, wato in wuta ta tare ƙofa ta ina za a bi, ba ta samu rabonta ba. Siminti ba ya ci da wuta, gaskiya ne, amma abin da ke cikin ɗakin siminti yana ci, kuma bango ba ya yagewa ka fita kamar zana.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a bar ƙofa a buɗe da dare. Wanda aka taɓa sace wa babur ɗin da ya ci bashi ya saya, ba za ka zauna kana yi masa lacca kan hayaƙi ba. Ɓarawo yana zuwa sau da yawa, gobara wataƙila sau ɗaya a rayuwa, shi ya sa hankali ya fi karkata ga ɓarawo. Sai dai ɓarawo babur yake ɗauka. Kuma abin da ya sa na ce matsalar nan tana da magani shi ne, ɓarawo daga waje yake zuwa, mai gudun wuta daga ciki yake fita. Ƙofa ɗaya na iya hana na waje shiga ta bar na ciki ya fita. Makullin da ke buƙatar ɗan makulli ta waje amma ta ciki murɗawa kawai ake, yana kasuwa. Sakata mai ƙarfi ta ciki, da farantin ƙarfe da zai hana a zuro hannu, kowane mai walda a bakin titi zai yi maka. A manyan gine-gine na ƙasashe da yawa, doka ta ce ƙofar fita ta buɗe ta waje, da sandar da ko da ƙirji ka tura za ta buɗe, don taron da ya firgita turawa yake, ba ya ja baya ya ba ƙofa wuri. Tamu ta ƙarfe in tana buɗewa ta ciki, mutum goma suka danno, na gaba ba zai iya jawo ta ba ko da makulli a hannunsa.

Haka ƙarafunan taga. Ba a ce a cire ba. A kowane gida a zaɓi taga ɗaya, ko gefen baranda, a yanke ƙarfen a mai da shi ƙyaure mai buɗewa, a rataye makullinsa a ƙusa kusa, inda hannun waje ba ya kaiwa amma yaron gida ya san wurin. Ƙofar da ke fita rufin bene ma, wadda galibi ake kullewa don kada a je shanya ko hira, ita ce mafita ta biyu a yawancin gidajenmu. Kulle ta da kwaɗon da ba a san inda makullinsa yake ba, an gudu ne ba a tsira ba.

To in maganin bai fi aikin yini ɗaya na mai walda ba, me ya hana? Nan ne maganar ta zama tamu, ta ƙungiya. Matakala ba ta da mai ita. Cikin gidanka naka ne, kana sharewa kana gyarawa. Daga bakin ƙofarka zuwa titi kuwa, kwan fitila ya mutu wata shida ba mai sauyawa, kowa na haskawa da salula. A ƙasashen da aka daɗe da zaman bene, inda kowa ke sayen gidansa a cikin gini ɗaya, sun gane wannan tuntuni. A Faransa, dokar 10 ga Yuli 1965 ta raba irin wannan gini kashi biyu: abin da ke na mutum shi kaɗai, da abin da ke na kowa, kamar matakala, rufi, babbar ƙofa da wayoyi. Ta tilasta wa masu gidajen su zama ƙungiya, su yi taro aƙalla sau ɗaya a shekara, su naɗa wakilin da zai kula da kayan tarayya, kowa ya biya kasonsa. Ba wai don Faransa ce ta yi na kawo ba, kun san ra'ayina a kan wannan. Na kawo ne don tambayar da dokar ta amsa ita ce tamu: in ƙofar ta lalace, wa za a kama? Mu a nan yawanci gini na mutum ɗaya ne, sauran ƴan haya. Mai gida na ganin shi ba ya kwana ciki. Ɗan haya na ganin shi baƙo ne, badi ma ƙila ya tashi. Wakilin mai gida kuwa ƙarshen wata kaɗai ake ganinsa.

Kuma mu faɗi gaskiya, akwai tsoro. Ɗan hayar da ya je shi kaɗai ya ce "Alhaji, a sauya makullin nan", amsar da zai samu mun san ta: "In bai yi maka ba, ga hanya, akwai masu jira." Da wahalar samun gida a Yamai, wa zai ja? Amma gida takwas in suka sa hannu a takarda ɗaya, suka ce mun yarda mu haɗa kuɗin walda, izini kawai muke so, zancen ya sauya. Alhaji ma ba ya son gininsa ya ƙone, kuma ba ya son sunansa ya fito a rediyo. A je masa da ladabi, a nuna masa dukiyarsa ake karewa tare da rayukanmu. Da yawa za su yarda. Wanda ya ƙi, aƙalla akwai takarda mai kwanan wata.

Takardar nan tana da muhimmanci. A Landan, mazauna benen Grenfell sun yi shekaru suna kuka, har a Nuwamba 2016 ƙungiyarsu ta rubuta a fili cewa sai wani babban bala'i ya faru kafin a saurare su. Ranar 14 ga Yuni 2017, cikin azumi, wuta ta tashi daga firiji a hawa na huɗu, ta bi rufin da aka manna a jikin bangon waje ta haye ginin mai hawa 24 da matakala ɗaya. Mutum 72 suka mutu. Kukansu bai hana gobarar ba, amma da aka zo bincike, rubuce-rubucen nan ne suka hana masu alhaki cewa ba su sani ba. Mu in abu ya faru, sai a ce tsautsayi, a yi ta'aziyya, manya su zo da buhunan shinkafa a ɗauki hoto, a watse.

Ƙaddara gaskiya ce, kuma ba ni zan koya wa kowa addini ba. Amma malamanmu kullum suna cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Abin mamaki, wanda zai ce maka gobara sai Allah Ya kiyaye, shi ne ya sa kwaɗo uku a ƙofa. A kan ɓarawo bai bar wa ƙaddara ba. Haƙƙin maƙwabci da ake yi mana wa'azi a kai, a bene yana da sabuwar fuska: maƙwabcinka yana saman kanka, kuma ransa na bi ta bakin ƙofarka. Kwalaye da tsohon firiji da ka jibge a kan matakala, kan hanyarsa ka sa su.

Hukuma kuma tana da nata kason, kuma shi ya fi girma. Meri ce ke ba da izinin gini. Muna so mu ji, kafin a sa hannu a kan bene mai ɗaukar iyalai goma ko ashirin, ana duba faɗin matakala da yawan mafita? In an gama gini, ana dawowa a ga ko abin da aka zana shi aka gina, ko an ƙara hawa biyu kamar na Hanoi? Sojojin kashe gobara, waɗanda muke kira a lamba 18, suna aiki da abin da suke da shi, kuma ina girmama su. Amma motarsu sai ta samu hanya, ga lungunan da aka cinye da shaguna. Sai ta samu gidan, ga unguwannin da kwatance ake yi da "bayan gidan mai, kusa da mai tsire". In ruwan tankinta ya ƙare kuma sai ta samu inda za ta ɗiba kusa. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa a ƙasar nan, tun daga babbar kasuwar Yamai da ta ƙone a 1982 har zuwa na baya-bayan nan, ya san yadda ake tsayawa ana kallon mota ta tafi neman ruwa. Ko da komai ya tafi daidai, mintocin farko naku ne ku kaɗai, kuma cikin mintocin nan ake mutuwa.

Ga abin da muke roƙo daga gare ku a wanga mako. Duk mai zama a bene, ko mai ɗan'uwa a bene, yau da dare bayan an kulle, ya kashe fitilar salula ya sauko daga ƙofarsa zuwa titi kamar da gaske. Ya ƙirga abin da ya yi tuntuɓe da shi, ya ga ko zai iya buɗe babbar ƙofa ba tare da ya kira kowa ba, ya hau ya gwada ta rufi. Sannan ya tambayi kansa ko ƙanwarsa ƴar shekara goma, ko tsohuwar da ke hawa na biyu, za ta iya abin da ya yi. Akwai takarda a bakin ƙofa, tambayoyi ne kaɗan: unguwa, hawa nawa, gida nawa, mafita nawa, me ke ƙarƙashin matakala, makulli na hannun wa. Kada ku rubuta sunan mai gida ko lambar kowa, ba farautar mutane muke ba, kuma kada a sa hoton gidan wani a Facebook. Ƴan Maraɗi, Damagaram da Tawa da ke bin mu ta shafi, za mu sa tambayoyin can, ku amsa ta saƙo. In sun taru za mu haɗa su unguwa-unguwa, mu kai wa meri da ofishin masu kashe gobara, mu nemi su zo su zagaya tare da mu. Akwai kuma samfurin wasiƙar ƴan haya zuwa ga mai gida, da Hausa da Faransanci, mai so ya karɓa wurin ƴan'uwan da ke teburin baya.

Na ga hannaye tun ɗazu. Malama, ke da ke gefen taga, bismillah.